"Da Sauƙi" Ta Kusa Hana Ni Digiri

Shekarun baya, ina tsakiyar karatun digiri na uku a Manchester, wani ƙato ya tare ni a tashar bas ta Fallowfield da rana tsaka, ya fizgi jakata. Ni kuma da taurin kai na riƙe gam. Ya hankaɗa ni na faɗi, wuyan hannuna na dama ya karye. 'Yan sanda sun zo, an yi mini aiki a asibiti, shi kuwa har yau ba a kama shi ba.

Aikina duk a lab yake, awon sinadarai ɗigo-ɗigo. Bayan an cire filasta, ko kofin shayi sai ya suɓuce mini. Layin gashin ƙashi a asibiti dogo ne, na kuɗi ya fi ƙarfina, ga tallafin karatuna saura ƙasa da shekara biyu. In hannun bai dawo ba, Kano zan koma ba digiri.

Wani abokina, ɗan Jos, shi ya ce mini ai ana biyan diyya ga wanda aka ji wa rauni haka, ko ba a kama mai laifin ba. Jiki na rawa na cike takardu. Amsa ta zo an ƙi biya, wai bayanan likita sun nuna na warke sarai. Na warke? Ni da ko maɓallin riga ba na iya sawa! Ranar na yi masifa ni kaɗai har maƙwabcina ya buga bango.

Abokin nawa ya tura ni Birmingham wurin yayarsa, wadda ke aiki a wani ofishi da ke taimakon irinmu kyauta. Na same ta a Edgbaston. Ta baje takardun GP ɗina, wato likitan unguwa da ke duba ni, tana bi da biro, can sai ta cire tabarau ta kalle ni.

"Ƙanena, in likita ya ce yaya hannu, me kake ce masa?"

"Me zan ce, Anti? Da sauƙi, alhamdulillahi. Sai dai da Turanci nake faɗa."

Ta dafe kai. "Sau biyar! Ga shi nan sau biyar ya rubuta kana samun sauƙi sosai. Kai gaisuwa kake yi, shi kuma bawan Allah rubutawa yake!"

Wallahi kunya ta rufe ni, dariya kuma ta ƙwace mini. A gidanmu ko mutum ba ya iya ɗaga kai, in an zo dubiya "da sauƙi" zai ce.

Ta gyara zama ta ce yau ita ce likita, in lissafo mata duk abin da ba na iya yi. Na fara da wasa. Da na zo kan cewa wata takwas ke nan da hagu nake cin abinci, a ɗaki, don kar a gan ni, sai wasa ya ƙare. Ta ce, "Yauwa. Wannan za ka je ka faɗa masa."

Na je na faɗa. Aka tura ni wurin ƙwararre, ashe jijiya ce ta taɓu. Anti ta rubuta a sake duba maganata.

Ina cikin bas a Oxford Road saƙon amincewa da biyan diyyar ya shigo wayata. Jama'a, ban san na miƙe ba! Na ƙwala "Allahu Akbar", na tuna inda nake, na koma na zauna ina ba kowa haƙuri. Na kira Anti ina ihu ƙasa-ƙasa, ita tana "Mun gode Allah!" har ina jin tafinta. Satin nan na fara gashin ƙashi, wata huɗu na koma lab, na kuma gama a kan lokaci.

Har yau in na tuna sai in ji daɗi ya cika ni, da ɗan haushin kaina. Na ɗauka faɗin ciwo rashin godiya ne ga Allah, ashe ba haka ba ne. Ranar bikin kammalawa Anti ta taso takanas daga Birmingham, ta ce ba hoto ta zo ɗauka ba. Hannun ta ce in miƙo in matse nata da ƙarfi. Na matse, sai da ta ce wash.