Ragon da na yanka wa coci a Tireshbil

Ni mahauci ne, ubana ma mahauci. Daga ƙasar Adar muka biyo shanu zuwa Abijan, ni da kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekaru kaɗan kafin yaƙin Turawa na biyu. Shi ke da tebur a kasuwar Ajame, ni ke yanka masa tumaki da awaki in feɗe. Ba yabon kai ba, wuƙata ba ta komawa wuyan dabba sau biyu.

Wata rana wajen fiɗa wuƙar ta zame ta tsarge ni a cinya, ciwon ya ruɓe. Ɗakin hayata a Tireshbil yake, ƙetaren gadar nan mai lilo a kan ruwa. Sau ɗaya kawu ya ƙetaro, ya tsaya a bakin ƙofa saboda wari, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma kasuwa. Wanda ya yi jinyata maƙwabcina ne, wani kafinta mutumin Gwalkwas da ya iya Hausa tun a zangon Kumasi. Wata biyu yana wanke min ciwon da ruwan gishiri, matarsa tana kawo koko. Bai taɓa yi min zancen addini ba. Ni na tambaye shi abin da suke rerawa kowace safiya, ya buɗe Linjila ya riƙa fassara min. Abin ya shiga raina, kuma har yau bai fita ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ruɗa ni aka yi da koko.

Cocinsu rumfar kwano ce a bayan wani gida, baƙi ne duka, akawuna da kafintoci da matansu. Firesbiteriya suke kiran kansu. Fasto daga nesa yake zuwa, jefi-jefi, saboda haka komai yana hannun dattawan coci, su ke karɓa, su ke kora. Ranar farko na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, mata suka yi ta ƙunshe dariya. Shekara guda na yi ina haddar tambaya da amsa kafin a yi min baftisma. Abin da nake ɗoki shi ne Jibin Ubangiji, in zauna tare da su a miƙo min gurasa da ƙoƙo kamar kowa.

Labari ya riga ni isa Ajame. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo hannu na ba shi wuƙar, ya goge ta da gefen riga.

"Yankanka ba ya ciwuwa yanzu, ɗan nan," ya ce. "Mushe ne. Ka nemi wata sana'a."

Haka na koma dako a tashar jirgin ƙasa. Abokan da muke cin tuwo a kwano ɗaya, in na yi sallama sai su duba gefe. Na ce ba komai, ai na sami wasu 'yan'uwa.

Da Kirsimeti ta gabato suka sayi rago. Babban dattijonsu, wani akawu mai tabarau da ba ya rabuwa da kwat ko ana zafin fasa kai, ya ce ga mai sana'a a cikinmu, me za a tsaya nema. Wallahi na ji daɗi. Na ari wuƙa na wasa ta, na haƙa ramin jini, na kwantar da ragon ta hagu, na juya shi gabas, na yi bisimilla da kabbara na yanka. Ban yi niyya ba, ban ma san na faɗa ba. Abin da hannu da baki suka saba yi tare ne tun ina ƙarami. Aka dafa, aka ci, dattijon har da fasa ƙashi yana tsotsar ɓargo.

Lahadi mai zuwa aka ce in tsaya bayan sujada. Dattawa huɗu a kan benci, ni a tsaye, kafinta yana tafinta kansa a sunkuye. Wai an ji abin da na karanta a kan ragon, an ga inda na juya shi, ashe ƙafata ɗaya tana masallaci. Na ce sunan Allah na kira, ko akwai wani Allah daban ne? Na ce in haram ne me ya sa aka cinye, har kai da ƙafa? Ban sani ba ko kafinta ya fassara wannan. Hukunci dai ya fito: ba ni ba Jibi sai sun ga tuba, kuma in koma bencin baya, na bakin ƙofa, inda ake ajiye masu laifi. Ni da wani mashayi muka raba shi.

Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba ranar da kawu ya karɓe wuƙa. Shi aƙalla bai ci naman ba kafin ya kore ni. Wata huɗu ina kallon ƙeyar mutane, ina rera waƙa da harshen da ba nawa ba, a bencin da feshin ruwan sama ke jiƙawa.

Gab da Ista aka ce fasto yana tafe, za a yi Jibi. Sai ga saƙon dattijon ta bakin kafinta: an sayi bunsuru, in zo in yanka, daga nan za a san matsayina. Kafinta ya roƙe ni in daure. Na je.

Dattijon da kansa ya juya bunsurun ya fuskanci yamma, sannan ya durƙusa kusa da ni, bai damu da kwat ɗinsa ba, ya kafa wa bakina ido. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Na ja wuƙar, ta tsaya a rabi, dabbar tana shure-shure tana kallona, sai da na koma sau uku. Ya miƙe ya dafa kafaɗata.

"Yanzu ka zama namu, ɗan'uwa."

Ranar Lahadi na zauna a layi na biyu. Aka miƙo gurasa na karɓa, aka miƙo ƙoƙo na sha, na yi kuka, kuma kukan na gaskiya ne. Bayan an tashi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Matar kafinta, baiwar Allah, ta zaɓo min hanta da tsoka mai kyau ta ajiye a gabana. Na ɗauki yanka ɗaya na sa a baki. Na tauna, na tauna, na kasa haɗiyewa. Nama ne da ba a kira sunan Allah a kansa ba, ni kuma na san haka fiye da kowa, tunda ni na hana bakina.

Dattijon ya leƙo daga tabarmarsu yana murmushi, ya sa kafinta ya tambaye ni ko naman ya yi daɗi. Na gyaɗa kai, tsokar tana ƙunshe a kumatuna. Da hankalinsu ya koma kan fasto, na zagaya bayan rumfar na tofar da ita a kwata, na kurkure baki, na dawo na zauna a cikin 'yan'uwana.