Jirgin Yaya Orvin da Baƙinsa

Duk wanda ya ce maka Orvin Haugland mutum ne mai sauƙin kai, to bai taɓa riƙe masa ƙarfe ba. Ni Marlys, ƙanwarsa, na riƙe har kafaɗata ta kusa tashi daga aiki.

Tankar madara ya tuƙa tun yana saurayi, daga gonakin nan namu na yammacin Wisconsin zuwa gidan cuku. Da ya ajiye aiki, tsararrakinsa kowa ya sayi kwale-kwalen kamun kifi, shi kuwa ya sayo zanen jirgin sama. Ƙarami, mai kujera biyu, irin wanda mutum ke ƙerawa da hannunsa. Lasin tuƙin jirgi yana da shi tun tuni, na haya yake ɗan hawa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, sai ya share tsohon ɗakin shanun babanmu ya cika shi da fallayen alminiyam. Ƙusoshin jirgi kuwa mutum ɗaya ba ya buga su. Ɗaya na bugawa ta waje, ɗaya ya zura hannu ciki ya tokare da guntun ƙarfe. Gidana yana tsallaken hanya, ka ji yadda aka yi na shiga uku.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Masu wannan ciwon suna da ƙungiya a intanet, suna da wata taswira da kowa ke sa ɗigo a inda yake, don in wani ya biyo ta yankin ya tsaya ya ga aiki. Ɗigon Orvin kuma dab da babbar hanya. Asabar ba ta wucewa sai ka ga mota ta kunno kai, wani mai furfura da hular hana-sallah ya fito yana washe baki: "Nan ne gidan Haugland? A taswira na gan ku!" Su shanye min kofi, su cinye min kek ɗin tuffa, sannan kowa ya ajiye shawara ya tafi.

Shi kuma Orvin ba a ba shi shawara ta faɗi ƙasa. Wani mutumin Iowa ya ce ƙusoshin wutsiya sun yi tazara, Litinin muka tone su. Wani ya zo ya ce sun yi kusa, muka sake tonewa. Wutsiyar nan ta sha warwara har na daina tambayar dalili.

"Yaya, wannan na jiya fa ko akurkin kaza bai taɓa ƙerawa ba," na ce masa. "Shi ma da bakinsa ya faɗa, zanen kawai ya saya."

"Ai yana da karatu, Marlys."

"Karatun me? Haba!"

Duane maƙwabcinmu, bakanike ne, ya daɗe da gama nasa jirgin. In ya leƙo sai ya jingina da ƙofa ya ce, "Orvin, jirgi kake ƙerawa ko rigar amarya? Jikokinka ma ba za su hau wannan ba." Orvin ya yi murmushi ya ci gaba da awo.

A farkon bazarar bara likita ya duba masa ido, ya ce tsakiyar ganinsa ta fara dushewa. Da kaka za a sake dubawa, in abin ya ƙaru, shi da tuƙin jirgi sai dai labari. A lokacin gangar jirgin ta haɗu, inji na zaune, fiffike ɗaya ya kammala, saura ɗaya. A wurin waɗannan mutanen kuwa, wanda ya ƙera shi ke fara tashi da abinsa. Wannan tashin farko shi kaɗai Orvin yake nema a duniya, na kuma sani.

Ranar na ajiye ƙarfen a ƙasa. "Ko ka cire ɗigon nan daga taswira, ko ka nemi mai riƙe maka. Na gaji da ciyar da masu surutu, lokaci na tafiya."

"Ba a yin haka, Marlys. Mutane za su ce na rufe ƙofa."

"Su ce! Su za su ba ka ido?"

Ya cire, yana yi kamar an ce ya kori ɗansa. Kai, ka ga aiki kuwa! Ba baƙo, ba shawara, ba tone-tone, Duane ma ya daina leƙowa. Daga safe har yamma ƙarar bugu kawai kake ji, fiffike yana ta tsawo. Har na fara yi masa gori. Kafin masara ta nuna mun buga ƙusa ta ƙarshe, muka kira Duane ya taya mu ɗauka a ɗaura.

Duane ya shigo, ya dubi tsohon fiffiken, ya dubi sabon. Ya cire hularsa ya sosa kai, ya sake dubawa.

"Orvin," ya ce, "zagaye kake so jirgin ya riƙa yi?"

"Me ka gani?"

"Hagu na gani. Ga hagu, ga kuma hagu."

Zanen jirgi fiffiken hagu kawai yake nunawa. Na dama kai za ka juya shi a kanka, kamar kana kallon madubi. Orvin, don sauri, ya bi takarda tiryan-tiryan yadda ya bi ta a karon farko. Ni kuwa hannuna ne a ciki, ina zan san hagu da dama? Duane ya ce duk wanda ya leƙo ɗakin, ko da mai zane kawai ɗin nan ne, da ya gani tun ranar da aka kafa ƙashin farko.

Na tsaya ina jiran Orvin ya ce laifina ne, don na riga na shirya amsa. Bai ce ba. Ya zauna a kan bokiti yana shafa fiffiken, ya ce, "Amma ƙusoshin sun zauna da kyau." Wallahi na fi jin haushin wannan a kan zagi.

Da yammar nan ya mayar da ɗigonsa, ya rubuta wa 'yan ƙungiya abin da ya faru, bai ɓoye maganar ido ba. Tsiya suka fara yi masa. Wani ya ce ya nemi mai dama biyu su yi musaya, wani ya ce ya ƙera jirgi na biyu kawai. Sannan suka fara zuwa. Mutumin Iowa ya zo da akwatin kayan aikinsa, ya kafa tanti a bayan ɗakin shanu. Wasu mata da miji suka taso tun daga Dakota. Suna aiki suna gardama, kowa ya fi kowa sani, ni kuma na koma bakin murhu. Wannan karon ko wa ya kawo shawara, Duane sai ya ce, "Riƙe abarka, buga ƙusa."

Sun yi ƙoƙari, ba zan hana su ba. Amma fiffike ba ya haɗuwa a mako biyu. Ganye ya zube kafin su gama, ranar likita kuma ta riga ta zo ta wuce. Ni na kai shi, ni na dawo da shi. Ciwon idon ya ƙaru. A mota, da muka kusa gida, ya ce, "A gaya wa Duane ya shirya."

Da jami'in gwamnati ya duba jirgin ya amince, muka tura shi filin ciyawar Duane wata safiya mai sanyi. Duane ya hau, yau babu zolaya a bakinsa. Inji ya ɗauka, jirgin ya ruga, ya ɗaga, baƙin nan suka ɓarke da ihu.

Orvin yana tsaye kusa da ni, ya ɗaga kai yana waige-waige, yana bin ƙara. Sam ba wajen yake kallo ba.

"Marlys, ina yake?"

Na kama haɓarsa na juya masa fuska sama da hasumiyar coci. Ya ƙura ido, ya ƙifta, ya sake ƙurawa.

"Bai karkace ba?"

"Bai karkace ba."

"Ki faɗa min gaskiya. Yana da kyau?"

Haushi ya taso min, na likita, na taswira, na Orvin, na kaina, hawaye kuma suka ƙi tsayawa. Ban saki haɓarsa ba, ina juya ta a hankali yadda jirgin ke tafiya.

"Yi min shiru, Yaya," na ce. "Ina kallar maka."