Hannun Daman Mama

Wata shida ina fama da hannun daman Mama bayan ɓarin jikinta ya shanye. Yatsun sun dunƙule, sun ƙage. Kullum sai na shafa musu man kaɗe, in miƙe su ɗaya-ɗaya yadda aka koya mini a asibiti a Garki. Amma komai da hagu take miƙo mini.

Ranar da yayata ta leƙo daga Bwari, zuwanta na biyu kacal, sai Mama ta ɗaga daman nan yana rawa, ta miƙa mata dabino. Yaya ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa fita na yi.

Da ta tafi na ce, "Mama, ni fa?"

Ta ce, "Ke kam ai ba baƙuwa ba ce."

Washegari ma ni na shafa man, raina a ɓace.