Faifan Da Na Cire Daga Akwatin Hajiya Habsu

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Hajiya Habsu ta Maraɗi, Allah Ya jiƙan ta da rahama. A Guangzhou ta cika, a shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik, bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa shinkafa da wake in raba wa maƙwabta sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni, domin akwai hakkinta a wuyana da sadaka ba ta sauke ba.

A lokacin ina zaune a unguwar Sanyuanli tare da maigidana, wanda ke haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya yana tura musu. Ni aikina gida ne: girki, wanki, da leƙen titi daga tagar hawa na shida. Hajiya Habsu kuwa 'yar kasuwar jakunkuna ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Idan ta zo sari a ɗakin baƙinmu take sauka. A shekarar an tsananta batun biza saboda wasannin, mutane da yawa suka tattara suka koma gida, ita kuma ta ce ba za ta fita ba sai ta gama sarin shekara, tunda ba ta san ranar da za a sake barin ta ta shigo ba. Haka muka yi wata uku muna cin abinci a kwano ɗaya.

Wata rana ta dawo daga Shiling, garin da ake ɗinka jakunkuna, tana dariya tun daga ƙofa. Wai ta haɗu da wata mata 'yar Meksiko a shago, ba yaren da ya haɗa su sai kalkuleta da nuni da hannu. Matar na shirin sayen katan-katan na wata jaka, Hajiya ta ɗauki ɗaya ta ja zif ɗin da ƙarfi a gaban mai shagon, ya ɓalle a hannunta. Matar ta rasa irin godiyar da za ta yi, sai ta zaro wani faifan waƙa daga jakarta ta danƙa mata. Da 'yan kalmomin Faransanci da suka yi kama da yarensu, Hajiya ta fahimci cewa mawaƙiyar ita ke tsara waƙoƙinta, amma a kan tsofaffin waƙoƙin ƙauyukansu ta gina su, irin waɗanda kakanni mata ke rerawa a bakin aiki.

A bangon faifan mace ce da kitso biyu, kafaɗunta a waje, ta rungume jita. Kallo ɗaya na yi masa na kawar da kai. Hajiya ta saka shi a 'yar rediyonta. Kiɗan ba hayaniya, tsirkiya ce kamar ta gurmi, sai murya mai kauri da ke ja ta karye a ƙarshen baiti. Na ga Hajiya ta ajiye cokali.

“Ke Bakanuwa, zo ki ji hwa. Wallahi Innata ce bisa dutsen niƙa.”

“Haba Hajiya, ke da kika je Makka sau biyu?”

“To Makkar ce ta ce in manta uwata?”

Daga ranar, kusan kullum da hantsi, idan tana jera samfurin jakunkuna a kan gado, sai ta kunna shi ƙasa-ƙasa. Ni kuma in shige kicin ina istigfari.

Hawan jini ne ya kayar da ita a kasuwa. Kwana biyu ta yi a asibiti, aka yi mata sutura aka binne ta a maƙabartar Musulmin garin. A can idan baƙo ya rasu, matan da suka san shi ne ke haɗa kayansa a ɗaure a tura gida, ba a buɗewa sai a gaban dangi ranar rabon gado. Ni aka bar wa akwatinta na ɗaki. Na ninke zannuwa, na sa carbi, na sa Alƙur'aninta mai ɓallallen bango, sai ga faifan. Nan take na hango gwaggonni a tsakar gida a Maraɗi, ga malami zaune, a ɗaga carbi, a ɗaga wannan mata mai kafaɗu a waje. Na ce a raina rufin asirin mamaci lada ne. Na naɗe shi a baƙar leda, na sauka ƙasa na jefa a kwandon shara. Ko sunan mawaƙiyar ban tsaya na karanta ba.

Bayan kaya sun isa, ɗiyarta Mariama ta kira ni. Shekararta ashirin a lokacin, kuma an haife ta ne bayan rasuwar kakarta. Ta ce, “Inna, Mama ta gaya mini a waya za ta kawo mini muryar kakata cikin faifai. Mun zazzage akwatin, ba mu gani ba.” Na ce, “Ban gan shi ba, 'yata. Wataƙila a kasuwa ta bar shi.” Ta ce ba komai, ta yi mini godiyar ɗawainiya. Godiyar nan ta fi mari zafi.

Garin neman gira na rasa ido. Ni da na hana kunnena kiɗa don tsoron Allah, na ci amanar kayan marainiya, na ɗora ƙarya a kai. Tun a islamiyya aka koya mana cewa abin da mamaci ya bari na magada ne ko da allura ce. Ra'ayina a kan kiɗa nawa ne, faifan kuwa ba nawa ba ne. Amma laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Hajiya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Yanzu matan Kano da Maraɗi daga kan gado suke sarin jaka ta waya, ba wadda ta ja zif da hannunta. Na san za ta yi tsaki ta ce hoto ba ya ɓallewa. Jikokina kuma sun ce duk waƙar duniya tana cikin waya, suna kawai za ka rubuta. Na sa ɗaya daga cikinsu ta nemo mini mawaƙan Meksiko mata masu jita, muka yi ta saurare har wayar ta yi zafi. Suna da yawa, masu kitso biyu ma ba su ƙirguwa. Ban iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Da Hajiya na nan sai ta ce, “Bakanuwa, da kin daure kin kalli matar sau biyu.”

A watan jiya na kira Mariama, wadda yanzu take da 'ya'ya huɗu. Na gaya mata komai, har launin ledar. Ta saurara har ƙarshe, ina jin kukan akuya a bayanta. Sannan ta ce ta yafe, duniya da lahira. Na ɗauka an gama, sai ta ce, “Amma Inna, wata uku ana kunna shi a gidanki. Ba abin da ya maƙale miki?”

A nan ne na faɗi abin da ko maigidana bai sani ba. Duk istigfarin da nake yi a kicin, idan aka zo kan waƙa ta uku rage wutar risho nake yi don kada ƙarar rishon ta rufe ta. Ban san kalma ko ɗaya ba, amma karin yana nan. Ni da ban taɓa rera waƙa a gaban mutum ba, na rufe ƙofar ɗaki, na yi mata shi da hanci, na ja na karye a inda matar ke karyewa.

Jakunkunan da Hajiya ta saro sun daɗe da tsufa, kabarinta kuma yana ƙasar da 'ya'yanta ba su taɓa takawa ba. Abin da ya rage na muryar uwarta, wadda ta tsinto a bakin baƙuwa daga wata nahiya, ɗan karin nan ne, kuma a maƙogwaron wadda ta jefar da shi ya rage. Allah Ya yafe mini, Ya haskaka makwancinta.

Da na kai ƙarshe, Mariama ba ta ce ya yi daɗi ba. Na ji tana kiran babbar ɗiyarta ta zo kusa da waya, sannan ta ce, “Inna, sake.”