Mai Bokiti a Bayan Tankar Gwadabe

Matso nan kusa, ja gefen tabarmar ka zauna, ka ajiye abin da ke hannunka. Labarin Gwadabe Direba ne yau, mutumin Kibiya, wanda ya shekara talatin ana kiransa Direba alhali ko keke bai taɓa tuƙawa ba.

Ga yadda sunan ya same shi. Da aka gama Yaƙin Bama aka sallamo sojoji, Gwadabe ya sauko daga mota ranar kasuwar Kibiya, da kakinsa da takalman da suka fi ƙafarsa girma. Jama'a suka yi masa caa. Shitu mahauci, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa aiki, ya kutso ya ce, "Kai Gwadabe, me ka yi a can?"

"Ni dai kullum ina tare da tankar yaƙi," in ji Gwadabe. Kuma gaskiya ya faɗa.

"Tankar yaƙi! Kai ke tuƙa ta ke nan?"

A daidai nan goron da wani ya miƙa masa ya sarƙe shi. Ya yi tari, kansa ya yi sama ya yi ƙasa kamar mai cewa i. Kafin numfashinsa ya dawo, Shitu ya riga ya gaya wa layin mahauta, layin mahauta ya gaya wa masu hatsi, masu hatsi sun ɗora labarin a kan jakuna ya nufi garin Saji. Da la'asar duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Sannu da zuwa, Direba." Gwadabe ya so ya gyara zancen, amma sai ya ga ana tashi ana ba shi wurin zama a inuwa. Ya ce a ransa gobe ya gyara. Goben nan ba ta taɓa zuwa ba.

Abin da ya faru a Bama kuwa shi ne, a wani garejin sojoji da ke can bayan fagen fama aka ajiye shi. Tankoki na dawowa cike da taɓo har wuya, makanikai kuma ba sa taɓa su sai an wanke. Gwadabe ne mai wankin. Shekara biyu yana fama da bokiti da soso da wani ƙarfe mai lanƙwasa na ƙwaƙule taɓo daga cikin sarƙar ƙafafunsu. Cikin tanka kuwa, ko leƙe ba a taɓa barinsa ya yi ba.

Sunan ya yi masa rana. Da ya nemi auren Saude, ubanta bai ja zance ba. In motar gyaɗa ta maƙale a rafi aka ce a kira Direba, sai ya zo ya zagaya ta sau ɗaya da hannaye a baya, ya ce, "Hannun da ya riƙe tanka, in ya taɓa wannan gwangwanin, lanƙwashewa zai yi. Ku tura." Sai a tura, ana jinjina masa.

Sana'arsa ƙirar gwangwani ce. Yana yanka garwar kananzir ya yi mazurari da aci-balbal da mudun awo. Da zai tsaya a nan da ba mu da labari. Amma wata rana Shitu yana bayyana wa wasu Fulani yadda tanka take, ya ce ai kunkuru ne aka ɗora masa taɓarya. Aka kwashe da dariya. Abin ya yi wa Gwadabe ciwo kamar an zagi mahaifiyarsa. Ya koma rumfarsa ya ɗauko almakashi da dalma, ya shafe wata guda ba ya sayar da komai. Ya fito da tanka mai tsawon kamu ɗaya, da bakin igwa, da murfin sama, da sarƙar ƙafa wadda ya yanka ɗaya bayan ɗaya daga gwangwanin madara. Ya yi saƙo Kano aka sayo masa koren fenti ya shafe ta tas.

Kowa ya ce ta yi kyau. Shi kaɗai ne ya kasa kallonta. "Wannan amarya ce," ya ce wa Saude, "ba tanka ba. Ni ban taɓa ganin wadda ta zo min da tsabta haka ba."

"Ta zo maka?" in ji Saude.

"Ta zo min in tuƙa," ya ce da sauri.

Daga nan ya shiga ɓata abin da ya gyara, kuma a nan ne gwanintarsa ta fito. Ya jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan tsamiya kwana bakwai, ya riƙa ɗiga tsatsar da tsinken tsintsiya a ƙarƙashin kowane ƙulli, yana jan ta ƙasa yadda ruwan sama ke jan ta. Ya kara aci-balbal a bayan injin har hayaƙi ya yi baƙi a inda ya kamata. Ya kankare fentin da bakin almakashi a wurin da takalmin soja ke takawa in zai hau. Taɓo kuwa kala uku ya yi: busasshe mai haske a sama, wanda ya haɗa da toka, mai duhu a tsakiya, da ɗanye a cikin sarƙa, wanda ya kwaɓa da ƙaro don ya riƙa sheƙi kamar yanzu aka fito daga fadama. In ka ce masa taɓo ai taɓo ne, sai ya dube ka da tausayi.

Da tankar ta ƙazantu yadda yake so, sai ta zama marainiya a kan tabarma. Ya ciro tsohon ƙyauren ɗakin awaki ya shimfiɗa, ya gina mata ƙasar Bama a kai: hanya mai rami, kududdufin ƙaro, dajin gora na karan dawa, har da wata bishiya da igwa ta sare rabinta. Saura mutane. Saude 'yar masu ginin tukwane ce, ita ta riƙa murza masa sojoji da yumɓu, kowanne tsawon ɗan yatsa.

Labari ya kai kunnen Malam Abdulganiyyu, limamin unguwa, ya zo ya tsaya a bakin rumfa ya ce mutum-mutumi mai fuska ba shi da kyau a gidan Musulmi. Gwadabe ya ce, "Allah gafarta Malam, ai a Bama ba wanda ke da fuska. Taɓo ya shafe ta kowa." Ya bi sojojin ɗaya bayan ɗaya ya shafe musu ido da hanci, ya kifa musu hular kwano. Malam ya sunkuya ya duba, ya ce to, hakan da dama-dama. Sannan ya ƙara rabin sa'a yana tambayar nisan da igwa ke harbi.

A can bayan tankar, inda ba kowa ke lura ba, Gwadabe ya sa mutum biyu marasa bindiga. Ɗaya ya durƙusa da bokiti yana ƙwaƙular sarƙa. Ɗayan mai gwame ne, gwiwoyinsa na gogar juna, ya saɓo garwa biyu a sanda. "Wannan Haliru ne, mai kawo ruwa," ya gaya wa Saude lokacin da take murza shi. "Ƙara masa gwamen, bai kai ba." Da ta tambayi sunan mai bokitin, sai ya ce wani bawan Allah ne.

Haka aka yi ta tafiya, yana ƙara ciyawa yana rage tsatsa, har shekarar samun 'yancin kai. Aka yi shela cewa ranar bikin 'yancin za a yi baje kolin sana'o'in hannu a filin makaranta a Rano, kuma mutanen Kibiya suka ce tankar Direba ce za ta fitar da su kunya. Gwadabe ya yarda da murna. Ana saura kwana biyu sai Shitu ya zo yana washe baki.

"Direba, ka ji wanda zai duba kayan? Wani Saja Mai Igwa, mai sayen gyaɗa da ya zauna a Rurum 'yan shekarun nan. Shi ma Bama ya je, shi ke harba igwar tanka. Ka ga sai ku yi hirar cikinta mu sha labari!"

Gwadabe ya yi lissafi a ransa. Mutumin da ya zauna a cikin tanka, tambaya ɗaya zai yi masa a gaban jama'a, sunan shekara goma sha huɗu ya tafi. Kuma murfin tankarsa a liƙe yake da dalma, don ba abin da ke ciki sai iska.

Da safen tafiya, yana ɗaure ƙyauren da igiya, Saude ta tsaya a kansa. "Malam, cire mai bokitin nan."

"Don me?"

"Don ƙeyarsa irin taka ce. Ni na murza ta, kai ka ce in ƙara mata tsini."

Ya ci gaba da ɗaure igiyar.

"Tun satin da aka kawo ni gidan nan na sani," in ji ta. "Na ga yadda ka kankare gindin tukunyar da ta ƙone, har lungun kunnenta. Direba ba ya wanki haka. Ni ban damu ba, tukwanena sun ji daɗi. Amma cire shi, kada Sajan nan ya gane."

Gwadabe ya ɓalle mai bokitin ya sa a aljihu. Ya ɗora ƙyauren a kan gammo, ya kama hanya. Bai wuce gonakin bayan gari ba ya sauke kayan a gindin wata ɗorawa ya zuba musu ido. Ga sarƙa rabinta a wanke, rabinta da taɓo, ga mai ruwa yana kawo ruwa, amma ba wanda zai karɓa. Wa ya wanke rabin? Aljani? Ya ja tsaki, ya tofa yawu a ƙaro, ya mayar da mutumin wurinsa.

A Rano fili ya cika, ga tutoci ga kiɗa. Aka ajiye tankar tsakanin wani sirdin jaki da tulunan Rurum. Can sai ga Saja Mai Igwa tafe da manyan gari, cikin babbar riga har ƙasa, da gemu, da lambobin yaƙi a ƙirji. Gwadabe ya sunkuyar da kai, don haka ƙafafun ya fara gani. Rigar na tafiya, amma daga ƙarƙashinta ana jin gwiwoyi suna gaisawa. Ya ɗago. Saja ma ya tsaya cak.

Shitu bai lura da komai ba. "Ranka ya daɗe, Saja, ga Direbanmu! A buɗe murfin nan a nuna mana inda yake zama da inda kake zama."

Saja ya sunkuya kamar mai duba aiki. Idonsa ya bi sarƙa, ya zagaya baya, ya sauka a kan mai bokiti, sannan a kan mai gwame da garwa biyu. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe, gumi na bin gemunsa.

"Ba a buɗe murfin tanka a gaban farar hula," ya ce da muryar fareti. "Sirrin soja ne."

"Dokar Ingila ce," in ji Gwadabe.

"Ai yau mun samu 'yanci," in ji Shitu, "dokar ta faɗi!"

"'Yancin bai shiga cikin tanka ba tukuna," in ji Saja. "Sai takarda ta zo daga Kaduna."

Jama'a suka gyaɗa kai, don kowa ya san takardar Kaduna ba ta sauri. Amma Shitu ya miƙa yatsa bayan tankar. "To waɗannan biyun fa, marasa bindiga? Su wane ne?"

Gwadabe ya buɗe baki. Yana iya cewa fursunoni ne, ko 'yan ƙasar. Sai ya ji kansa yana cewa, "Waɗannan, in ba su yi aikinsu ba, makaniki ba ya taɓa ta. In makaniki bai taɓa ta ba, nan za ta kwana har yaƙi ya ƙare."

"Na san su," in ji Saja a hankali. "Mutanen kirki ne."

"Mai gwamen nan dai kamar na taɓa..." in ji Shitu. Saja ya gyara zaman rigarsa, ya ce saura tuluna, aka wuce.

Da taro ya lafa suka haɗu a bayan aji, gindin tsamiya.

"Soso!" in ji Saja, da laƙabin da ake kiran Gwadabe a garejin Bama.

"Gwame! Yaushe ka zama Saja?"

"Ranar da ka zama Direba. Kai, cire ni daga kan ƙyauren nan, ina da mata uku a Rurum."

"Ba zan cire ba."

"To miƙe min ƙafa."

"In na miƙe ta na yi ƙarya."

"Kai ne yau kake tsoron ƙarya?" Saja, wato Haliru mai kawo ruwa, ya yi dariya har lambobinsa na kaɗawa. Sannan ya ce, "Amma ka yi kuskure ɗaya. Garwar hagu tana yoyo. Ka manta kullum sai ka zage ni don rabi nake kawo maka?"

Tankar ce ta zo ta ɗaya. Kyautar da aka ba Gwadabe a gaban jama'a kuwa, sabon bokiti ne da sandar sabulu. Saude ta yi dariya har ta zauna a ƙasa da ya shigo da su. Shi ko ya ajiye su ya nufi ƙyauren. Ya narka ƙaro, ya ɗiga ɗigo uku a ƙarƙashin garwar hagu, ya ja siririn layin jiƙa a bayan mai gwame tun daga bakin kududdufi.

Direba aka ci gaba da kiransa har ya bar duniya, kuma bai taɓa gyara zancen da bakinsa ba. Mai bokitin ma bai sake barin wurinsa ba, yana nan durƙushe a idon duk wanda ya ga dama ya zagaya baya ya duba. To kai da ka zauna ka ji, me za ka kira mutumin nan: maƙaryaci, ko wanda ya faɗi gaskiyarsa aka ƙi zagayawa a gani?