Ƙwaya Ɗaya Kullum da Safe

A littafin laifi na kwalejinmu akwai layi guda da aka rubuta a kaina da jar tawada, cewa na saci magani. Ban taɓa musu ba, yau ma da furfura ba zan fara ba.

Bazarar da sanƙarau ya shigo Tudun Wada ina aji huɗu, kuma ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin magani na makaranta, wai don ina da natsuwa. Wata Juma'a da aka sake mu zuwa masallaci na ratse gida, na tarar da ƙanwata 'yar shekara tara kwance a ɗakin Inna, wuya ya sanƙare, ko hasken ƙofa ba ta so. Inna ta saki labule, ta hana a faɗa wa kowa. A lokacin in duba-gari suka ji, sai su ɗauke mara lafiya zuwa bukkokin da aka kafa a bayan gari, kuma matan unguwa sun gama yarda wanda aka kai can ba ya dawowa.

Na san farar ƙwayar da ake ba masu wannan ciwo, kullum ina share ƙurar kwalbarta. Na koma makaranta da gudu, na ƙirga goma sha biyu na ƙulle a hankici, na dawo kafin la'asar. Na damƙa wa Inna, na ce da ita da muryar ɗan boko wanda ya san komai, "Ɗaya kullum da safe, Inna. A yi tsimi da ita, ba zan samu wata ba." Da hannu biyu ta karɓa.

Ran Talata ƙanwata ta rasu. Ran Laraba malamin asibitin makaranta ya ƙirga abin da ke kwalbarsa. Aka yi mini bulala shida gaban 'yan makaranta, aka karɓe mabuɗi, aka rubuta layin nan. Bulalar ba ta dame ni ba, na ma so a ƙara.

Bayan shekara biyu na nemi shiga makarantar koyon aikin likita a Kano. Jarrabawa na ci, amma sai an haɗa da takardar shaidar hali daga shugaban makaranta, kuma kowa ya san ba a ba wanda ya saci magani amanar marasa lafiya. Babana malami ne da ake jin maganarsa, har malamin Larabcin kwalejin almajirinsa ne a dā. Na same shi a zaure bayan karatun safe, na durƙusa.

"Baba, da za ka yi magana a bar layin nan a baya."

Ya rufe littafinsa. "Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauka."

"To me zan roƙa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Je ka da abinka."

Na yi fushi ƙwarai. Mako uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Da aka kira ni ganawa na hau jirgin ƙasa zuwa Kano da takardar shaidar a aljihu, ina jin ta kamar garwashi.

Mutum uku ke bayan tebur. Na tsakiyarsu wani tsohon Bature ne likita, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ya karanta takardar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Sayarwa ka yi?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ƙanwata na kai wa. Sanƙarau."

"Ta tashi?"

"Ta rasu."

Sai ya tambayi guda nawa na ɗauka da yadda aka ba ta. Na faɗa masa, har da ɗan alfahari, don ina ganin tsimin nan shi ne kaɗai abin hankali da na yi a cikin lamarin. Ya cire tabarau ya aje.

"Yaro, wannan ƙwaya ba a tsimi da ita. Da yawa ake bayarwa tun ranar farko, a yi ta maimaitawa cikin yini, da ruwa mai yawa. Ɗaya da safe daidai take da babu."

Na ce, "Da an ba ta haka fa?"

"Allah ne masani," in ji shi. "Amma na ga yara da yawa sun tashi."

Ban ji sauran tambayoyin ba. Da zan fita ya ce satar ba ta yi masa daɗi ba, amma an riga an hukunta ta, rashin sanin kuwa shi ne abin da makarantarsu ke magani. Bayan wata guda wasiƙa ta zo, an ɗauke ni.

Gida ya cika da guɗa, har danginmu na unguwar Gyallesu suka zo barka. Baba ya sa mini albarka. Ni kuwa tun da na baro Kano abinci ba ya mini daɗi, ban kuma faɗa wa kowa dalili ba.

Ranar tafiya Inna ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe kwallar da take ajiye 'yan kunnenta, ta ciro hankicin nan, ƙullin da na yi da hannuna. Ƙwaya takwas ne a ciki, sun soma yin rawaya.

"Ga sauran," ta ce. "Ban kuskure ko sau ɗaya ba, yadda ka ce haka na yi. Tafi da su, ko za su yi wa 'yar wani amfani."

Na karɓa da hannu biyu, na ce, "Kin yi daidai, Inna." Ta ƙara shekara talatin da ɗaya a duniya, ban taɓa gyara mata wannan magana ba.