Biram ɗin Baban Safiya

Shekara bakwai ke nan, a cikin wannan wata, da aka fita da Baban Safiya daga gidanmu na unguwar Xiaobei aka kai shi makabartar Musulmi da ke bayan garin Guangzhou. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. 'Yan kasuwar Kano da Damagaram da Kumasi da suka ci tuwon hannuna a garin nan sun san wanda nake nufi: dogon nan mai ɗaurin dila, wanda sai an maimaita masa magana. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne yana da abin kiɗa a ɗaki. A kansa nake son yin magana yau, don a watan jiya aka taɓa shi, karo na farko tun rasuwar.

Sunansa biram. Na mutanen tsibiran tafkin Chadi ne, waɗanda muke kira Buduma, kuma can aka haifi Malam. Ice ne fafaffe mai siffar kwale-kwale, an rufe bakinsa da fata, ga wuya dogo ya tanƙwaro ta sama, tsirkiya biyar sun sauko daga wuyan zuwa cikin. Kada ku ɗauka irin molo ne ko gurmi. Su waɗannan tsirkiyarsu kwance take a jikin sanda, ana danne ta da yatsa ta canza murya. Ta biram a tsaye take cikin iska, ba mai danne ta, kowace da muryarta guda. In an ɗaure ta daidai, ta faɗi gaskiya. In an kuskure, ba dabarar yatsa da za ta rufa maka asiri.

Ranar da na fara ganinsa ina amarya a Fagge, lokacin Malam na kawo bandar kifi Kano, na ce, "Malam, wannan jirgin fa? A Jakara za ka shiga da shi?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ku Kanawa, abin da ba a aunawa da yadi ba ku san darajarsa ba." Haka muka yi ta yi har ƙarshen zamanmu, ni ina ce masa mai kifi, shi yana ce mini 'yar Kwari, wato kasuwar yadi ta Kano.

Da harkar kifi ta mutu wani ɗan'uwana ya jawo shi nan, ni da Safiya muka biyo baya. Na bar tukwanena, na bar gadona, shi kuwa ya naɗe biram cikin bargo ya rungumo shi. Amma ɓoye shi yake yi. Ya ce ba ya son a Tianxiu, inda ofisoshin masu aika kaya suke, a riƙa nuna shi ana cewa ga maroƙi. Sai ranar Juma'a bayan la'asar, in baƙi sun ragu saura na jiki, yake sauko da shi. Duk wanda ya ɗaga waya zai ɗauka, Malam zai kife tafin hannu a kan tsirkiyoyin ya yi shiru har sai an mayar da wayar aljihu. A lokacin ina ganin mutunci ne. Har yanzu ma ina ganin mutunci ne, sai dai ya bar mu ba mu da ko gyaran muryarsa.

Ga yadda yake ɗaure shi, kuma a nan maganar take. Zai zauna ya gyara murya, ya saki wani gunji daga ƙirji, baki a rufe, ya riƙa jan tsirkiyar farko har sai ta haɗu da gunjin nan sun zama abu guda. Daga ita sai ya ɗauki ta biyu, daga ta biyu ta uku, har biyar. Ba ƙarfe, ba na'ura. Maƙogwaronsa ne ma'auni.

Aikinsa a sito yake, inda ake matse wandunan da ake ɗinkawa a garin Xintang da inji a mayar da su dila. Ƙarar injin nan ce ta cinye masa kunne a hankali. Tsirkiyar farko ba ta taɓa gagarar sa ba, don sai ya kafa haɓarsa a kan icen, ya ji gunjinsa da rawar tsirkiyar a cikin ƙashi. Sauran huɗun ne suka fara kuɓuce masa. Wata Juma'a ina tuƙa tuwo na ji ta uku ta zauna a karkace, kamar miyar da gishiri bai kai ba. Ban san lokacin da na ɗaga murya daga kicin ba, na ce, "Malam, ja kaɗan." Ya ja. Na ce, "Ka wuce. Sassauta. Nan." Can na ji ya ce wa baƙinsa, "Kun ji 'yar Kwari. Ashe akwai abin da take aunawa ban da shadda."

Daga ranar na zama kunnensa. Ni aji huɗu na yi a firamare, ban san sunan kowace murya ba, kuma ban taɓa ɗora yatsa a tsirkiya ba. Amma tazarar da ke tsakanin biyar ɗin nan ta zauna a kaina kamar matakalar gidanmu, ko ido rufe na san inda ƙafa za ta sauka.

Garin nan ba garin fata ba ne. Bayan sabuwar shekararsu akwai lokacin da bango ke zufa, madubi ya yi hazo, wanki ya kwana a igiya bai bushe ba. Fatar biram sai ta saki, muryarsa ta faɗi. A tsibiri rana ake nuna mata. A nan Malam na'urar busar da gashi ta Safiya yake ara, ya zauna yana hura wa kwale-kwalensa iska mai zafi, ita tana tsaye da jiƙaƙƙen kai tana jira. Neman maganin wannan ne ya kai shi shagon Tsoho Liyang, wani Basine mai gyaran kayan kiɗa a ƙarshen lungunmu. Malam ya kwatanta da hannu, tsohon ya ce "meyo", wato babu. Washegari sai ga shi a ƙofarmu, wai ya zo ganin abin da aka kwatanta masa.

Abotar ta yi shekaru, kalmomin da suka haɗa su kuwa ba su cika tafin hannu ba. In magana ta yi tsawo Safiya ce tafinta, don ita a makarantarsu ta tashi. Ta bakinta muka ji labarin nasu, kunghu, dogo mai tsirkiya da yawa a tsaye. Tsohon ya ce a da can sarakunansu ba sa biki sai da shi, sannan ya mutu ɗaruruwan shekaru, ba mai yi, ba mai kaɗawa. Da aka tashi farfaɗo da shi, zanen jikin bangon kogo aka duba aka sassaƙa. Ya nuna wa Malam hotunan wasu: na kaburburan Masar, mutum a durƙushe da abu kamar baka, na ƙasar Bama, shi ma jirgi ne da wuya kamar na biram, sai dai an yi masa ado da zinariya. A zaman Juma'a kuma kowa ya kawo nasa. Wani Bamale ya ce tasu, wadda suke kira kora, tsirkiya ashirin da ɗaya gare ta, wannan mai biyar ɗin jikanta ne. Alhaji Baba na zangon Kumasi ya ce tsofaffin Asante ma suna da nasu, seperewa, yana yaro ya gani. Wani ɗan Muritaniya ya ce a wajensu mata ke kaɗa irinsa, maza ba sa taɓawa. Malam ya dube ni ya ce, "Kada ki ji wannan."

Ranar da ya dawo daga ganin hotunan nan ya daɗe zaune bai ci abinci ba. Ya ce, "Ashe muna da dangi." Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana ɓoye abu cikin bargo, sai a ƙasar Sin ya gano abin nan ya taɓa zama gaban sarakuna.

Ciwon da ya zama ajalinsa bai ja shi da tsawo ba. Da na fita takaba na rataye biram a inda ya saba, ban ƙara waiwayarsa ba sai wajen share ƙura.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Lungun da ake turereniya da buhuna ya yi sarari. Alhazan da ke cika mini ɗaki yanzu daga Kano suke zaɓen kaya ta waya, ɗan aike na nuna musu kasuwar Shisanhang shago-shago. Alhaji Baba ya koma gida, Bamalen ban san inda yake ba. Na san zai yi wa masu wayar tsiya, ya ce ciniki ba musafaha ai sata ce da sallama. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne labarin gida. Tashin hankali ya kori mutanen tsibirinsu, danginsa na warwatse a wajen Difa. Duk wanda ya zo daga can nakan tambaye shi ko ana jin biram. Mafi yawa sunan ma baƙo ne a wurinsu. Ɗaya ne ya ce yana jin akwai sauran tsoho ɗaya ko biyu.

A zufar bangon bana fatar ta tsage. A daidai lokacin kunnena na hagu ya fara wani shuu da ba ya tsayawa, likita ya ce shekaru ne. Ban faɗa wa kowa tsoron da na ji ba, amma Safiya ta gane. Tsoho Liyang kuma ya aiko cewa zai rufe shago ya koma ƙauyensu. Saƙonsa kamar yadda ta kawo mini shi ne: "Mu hoto muka gada, ba mu san yadda namu ke magana ba. Uwarki na da muryar a kunne. Ta zo tun ina nan, tun kunnen na nan."

Ni ba mai fita ba ce. Daga kicin sai falo, sai masallaci ranar idi. Amma na yafa mayafi, Safiya da mijinta Nasiru suka sa ni tsakiya. Mun tarar tsohon ya rufe biram ɗin, da Safiya ta riga ta kai masa, da sabuwar fatar akuya, ya zura zaren kamun kifi irin wanda Malam ke sawa, biyar ɗin duk a sake. Ya kama ta farko, ya ɗago ya dube ni.

A nan na tsaya. Huɗun suna kaina, ba inda suka je. Amma duk a jikin ta farko suke rataye, ita kuwa ba a kunnena take ba, a ƙirjin Malam take, ƙirjin kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Ina jin gunjin nan a cikin kaina, amma duk inda tsohon ya ja sai in ji kamar shi ne, kamar kuma ba shi ba. Nasiru ya ce, "Umma, bari in gwada, ai na sha jin Baba." Ya rufe baki ya saki nasa. Safiya ta ce, "Wannan ai janareto ne." Muka yi dariya.

Tsohon ya faɗi wata magana gajeriya. Safiya ta juya mini ita. "Umma, wai ki yi da muryarki."

Na ce a'a. Ba kunyar baƙo ce kaɗai ba. Muddin tsirkiyar nan na sake, gani nake jiransa take yi. In na ɗaure ta a kan muryata, na rufe ƙofar da hannuna. Har na gyara mayafi zan ce mu tafi, sai wata maganar Malam ta faɗo mini, wadda ya yi tun muna Fagge ban ba ta muhimmanci ba. Ya ce da mahaifinsa ya rasu aka miƙa masa biram, sai da ya kwance biyar ɗin duka ya sassauto da su, don mahaifin siririyar murya gare shi. Ya ce ya yi kuka ranar, don ya san ba zai ƙara jin biram ɗin babansa ba, sai nasa.

Na koma na zauna. Na rufe baki na saki abin da Allah ya ba ni, yana rawa. Tsohon ya ja har suka haɗu. Daga nan kuma bakina ya san hanya. Ja. Ja kaɗan. Ka wuce. Nan. Safiya ba ta ma fassara ba, hannuna yake kallo. Da ya gama ya bi biyar ɗin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Matakalar ita ce, ba ko taki ɗaya da ya ɓace. Sai dai gidan ya tashi sama, da muryar mace yake magana.

To, me ya rage na Baban Safiya bayan shekara bakwai? Muryarsa ta tafi, na yarda da wannan a shagon nan, kuma ya fi mini ranar jana'iza ciwo. Waƙoƙin ma sun tafi, don da yarensu yake yi, ni amo kawai na riƙe. Abin da ya rage tazara ce, nisan wannan tsirkiya da waccan, yadda ya karɓa daga ubansa, uban ya karɓa daga nasa. Ba yawa. Amma mutanen Tsoho Liyang da duk zanensu da sarakunansu ba su samu ko wannan ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa ta nesa, Ya mayar da mutanensa bakin ruwansu.

Yanzu Safiya ke sauko da shi ranar Juma'a. Ba ta iya ba tukuna, tsirkiyoyin kawai take bi, ina sa ta maimaita don matakalar ta zauna mata tun kunnena na dama na aiki. Na gaya mata in na tafi ta kwance su duka ta ɗaure a kan nata maƙogwaron, kada ta jira ni.

Juma'ar da ta wuce an yi ruwa, fatar ta ɗan saki. Ina kicin ina tuƙi na ji ta uku ta zauna a karkace. Kafin in ankara bakina ya ce, "Malam, ja kaɗan."

Safiya ta kama tsirkiyar. Ta ja.